Motar Baba a Tafin Hannu

Kwalin bai kai girman kwalin takalmi ba. Ƙanwarmu da ke aikin jinya a Ingila ce ta aiko da shi cikin kayan wata ƙawarta, tare da man shafawa na gwiwar Inna da safar sanyi. A jikinsa an zana wata 'yar mota mai sulke, koriya, mai taya huɗu, ga tambarin Airfix a kusurwa. Saƙon da ta turo mana ta WhatsApp bai wuce layi ɗaya ba: "Yaya, ku duba hoton nan na jakar Baba. Ita ce ko ba ita ba ce?"

Ita ce. Ba sai mun ɗauko hoton ba. Tun muna yara muke satar kallonsa idan Baba ya tafi masallacin Juma'a. Hoto ne baƙi da fari, gefensa duk ya cinye, wani siririn saurayi cikin kaki ya jingina da safaya taya, ya karkata hula. A bayansa an rubuta 1968 da biro, ba suna, ba gari.

Mu 'yan biyu ne, shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu". A gidanmu ba a taɓa raba mana laifi ba, ba a kuma raba mana yabo. Ɗayanmu malamin makaranta ne, ɗayan kuma yana gyaran waya a wani ɗan shago a nan Kaduna. Baba ya haife mu da girma, mun tashi mun same shi direban kamfani ne mai yawan shiru. Abin da muka sani na sojansa a bakin Inna muka tsinta: yaron mota ne da ya shiga soja a 1965, da aka ga hannunsa ya faɗa a tuƙi sai aka tura shi rundunar motoci masu sulke ta Kaduna, wadda Manjo Hassan Usman Katsina ya jagoranta kafin ya zama gwamnan soja na Arewa a Janairun 1966. Ya yi yaƙin basasa tun daga farkonsa a Yulin 1967 har ƙarshensa a Janairun 1970. Idan aka tambaye shi yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce: "An yi, an gama." Doka guda kawai muka san ta fito daga wancan zamanin. Sunan nan da Hausawa ke kiran Ibo da shi, wanda aka ce daga "ba ni ruwa" na harshensu aka samo shi, ba a faɗinsa a gidanmu. Wanda duk ya faɗa zai sha mari, ko da baƙo ne yaron.

Sunan motar Ferret. Asali sunan wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, wadda Turawa ke sakawa cikin ramin zomo ta koro shi. Kamfanin Daimler ne ya ƙera ta a birnin Coventry daga 1952 zuwa 1971, guda 4,409, aka sayar wa ƙasashe da dama, har da Najeriya. Tsawonta mita 3.7 ne. Wadda ke cikin kwalinmu an rage ta sau 35, wato idan an gama haɗa ta ba za ta kai santimita 11 ba, za ta zauna daram a tafin hannu. Wannan ma'auni na ɗaya bisa 35 ma ba wani lissafin masana ba ne ya kawo shi. A farkon shekarun 1960 kamfanin Tamiya na Japan ya yi tankar wasa ta Panther mai tafiya da batir, aka yi jikinta daidai yadda baturan za su shiga, da aka auna sai aka ga ɗaya bisa 35 ne. Sauran kamfanoni suka bi.

Da muka buɗe kwalin, gabanmu ya ɗan faɗi. Babu mota a ciki. Wasu firam-firam ne na roba, kowanne an maƙala masa ƙananan gutsattsari kamar 'ya'yan itace a reshe, sama da ɗari, kowane da lambarsa. Wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ga takarda mai zane-zane tana nuna wanda zai hau kan wane. Mu da muka yi tashe a layinmu da ƙera motar kara, muna fere karan dawa, muna yanka tsohon silifas mu yi taya, muna soke da ƙaya, sai muka ga wannan wata duniya ce. A motar kara kai ne injiniya, yadda ka ga dama haka za ta fito. A nan wani ya riga ya yanke komai, naka biyayya da haƙuri. Mun ɗan raina abin da farko, mun ce ai wannan aikin malalata ne. Kwana uku suka ishe mu janye maganar.

Inna ce ta fara ganin kwalin, ta daɗe tana kallon zanen. "Ku 'yan biyu," ta ce, "kada ku tono mini abin da Allah ya binne. Ni na san daren da nake kwana ina riƙe da hannunsa." Ba mu yi mata musu ba. Muka kwashe komai muka kai shagon gyaran waya, muka ce idan an gama sai mu yi shawara ko za a nuna masa. A gaskiya ba mu san abin da muke nema ba. Ƙanwarmu tana ganin kyauta ce za ta faranta masa rai. Mu kuwa, idan za mu faɗi tsakaninmu da Allah, tarko muke haɗawa. Baba ya doshi tamanin, ido ɗaya yana ta rufe shi, ɗayan an yi masa aiki. Muna tsoron ranar da za a tambaye mu wane ne ubanmu, mu ce direba ne mai shiru.

Shagon ya dace da aikin. Akwai matsefata, akwai fitila mai gilashin ƙara girma, akwai reza. Da abin yanke farce muke cire gutsattsarin daga firam, mu goge wurin da samfefa mai laushi. Gam ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Ruwa ne tsararo, ba ya manne abu biyu, narkar da fuskar robar yake yi, idan ta sake daskarewa sai biyun su zama ɗaya, kamar walda. Idan ka zuba da yawa, ko ka taɓa da yatsa, shi ke nan ka bar tambarin yatsanka a jikin sulke har abada. Akwai irin wannan tambari guda a ƙarƙashin motar, kuma har yau ba mu daidaita kan ko na wane ne a cikinmu ba. Lokacin hunturu ne, gam yana bushewa kafin ka kai hannu, ƙura tana sauka kan komai. Bayan isha'i muke zama, mu yi awa ɗaya ko biyu, idan an ɗauke wuta mu ci gaba da fitilar waya.

A mako na biyu asirinmu ya tonu. Wayar Baba ta daina caji, maimakon ya aiko jika sai ya tako da kansa da la'asar, yana dogara sandarsa. Motar tana kan tebur, cikinta a buɗe, ba a rufa mata sama ba. Babu damar ɓoyewa. Ya zauna a benci, ya miƙa wayar, idonsa ya sauka a kanta. Ya jawo fitilar nan mai gilashi, ya sunkuya. Mun ƙirga numfashinsa. Can ya ɗago.

"Kun juya sitiyarin."

Muka ce, "Baba, ai haka sitiyari yake."

"Na motar haya ke nan. Wannan a kife yake. Yana bin gangaren ƙarfen gaba, samansa ya fi kusa da ƙirjinka, ƙasansa ya yi nesa. Wanda bai saba ba sai ya kai ta rami." Muka duba takardar, ashe haka aka zana, mu ne muka gyara wa masu ita. Da reza muka ɓamɓare shi muka mayar.

Washegari ya dawo, bai ce don me ba. Jibi ma haka. Ya zama bayan la'asar sai mu ji ƙarar sandarsa. Ba ya taɓa komai, hannunsa yana rawa, sai dai ya zauna yana duba aiki kamar sajan fareti. Kuma abin da shekara arba'in na tambaya bai fitar ba, sai ga gutsattsarin roba suna fitarwa, amma ta hanyarsu. Baba bai ba mu labarin yaƙi ba. Labarin mota ya ba mu.

Injin a baya yake, na Rolls-Royce, mai silinda shida, fetur yake sha. Giyarta ba a sa ta yadda aka saba: da hannu za ka zaɓi giyar tukuna, motar ba za ta canza ba sai ka taka feda da ƙafar hagu. Giya biyar gaba, kuma biyar ɗin nan duk suna aiki da baya. "Don me, Baba?" "Don ba ta faɗa ba ce. Ta leƙe ce. Ka je ka gani, idan an gan ka ka dawo da baya da gudun da ka zo." Safaya tayar da ya jingina da ita a hoto, ashe ƙofar tsira ce a bayanta. Sulken kuwa, inda ya fi kauri milimita 16 ne. Muka lissafa, a tamu bai kai rabin milimita ba. Ya ce yana tare harsashin ƙaramar bindiga, amma ban da ogbunigwe, nakiyar da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu. Da ya ambaci sunan sai ya yi shiru, ya ce a miƙo masa ruwa.

Wata rana madubin gefe ya kuɓuce daga bakin matsefata, muka ji ɗan ƙyas, ya tafi. Muka duƙa mu biyu, manya da 'ya'yanmu, muna lalube ƙarƙashin tebur cikin matattun batura da sukurori. Kusan awa guda. Sai muka ji wani sauti da muka manta da shi: Baba yana dariya har da tari. "Ku tashi," ya ce. "Tamu ma a makon farko reshe ya cire mata shi."

Daga nan ya fara ƙara mana abin da babu a kwali. Bokiti a rataye a baya. Bargo a naɗe. Buta, domin ko a daji ana alwala. Jarka biyu, ɗaya ta fetur ɗaya ta ruwa, ya nanata cewa ta ruwan ba a wasa da ita. Bargon da takardar goge hannu muka yi shi, muka jiƙa ta da farin gam. Butar kuwa ƙwayar tsohon carbi ce da ɗan guntun waya. Lambobi da tambarin da suka zo cikin kwalin na sojan Birtaniya ne, ya ce a bar su a takardarsu. Ya sa muka ɗaura wani ɗan ƙullin baƙin zare kusa da kujerar direba. Layar da mahaifiyarsa ta ba shi ce. Yanzu da aka rufe saman babu mai iya ganinta, amma tana nan.

Rigima ta tashi a kan akurkin bindiga, wato ɗan ɗakin da ke juyawa a sama, inda bindiga mai jigida take. Mutum biyu ne a motar, direba a gaba, kwamanda a bayansa. Baba ya ce ina Saja? Muka ce ana sayar da 'yan mutum-mutumin sojoji na wannan ma'auni, za mu sa a aiko. Maganar ta kai kunnen Inna, wadda tuni ta gane inda maigidanta yake zuwa da la'asar. Ta ce mota dai mota ce, ba ta da rai, amma gunki ba zai kwana a ɗakinta ya kore mata mala'iku ba. Baba ya ce, "Wane irin gunki, mutumin da na sani?" Ta ce, "Malam, shi ya fi." Kwana biyu ba su yi wa juna doguwar magana ba, mu kuma muka rasa bayan wanda za mu bi, don kowannensu yana da gaskiyarsa.

A rana ta uku ya zo shago ya zauna, bai ko kalli motar ba. Ya ce Saja mutumin Binuwai ne, Kirista, ya girme shi da kamar shekara goma. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana sosai, don haka da ƙafa yake tuƙa shi: ya taɓa kafaɗar dama, a yi dama, ya taɓa ta hagu, a yi hagu, ya danna tsakiyar baya, a tsaya. Suna cikin runduna ta ɗaya, ta Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta kama Nsukka ta nufi Inugu. Saja ba ya son rufe murfi, ya ce ba a leƙe da ido a rufe. "Wata safiya a hanyar nan sai na ji ƙafar ta daina taɓa ni. Na ci gaba da tafiya. Ina jira ya ce in juya." Ya murza sandarsa a ƙasa. "Uwarku ta yi gaskiya. Kada ku sa kowa. Ku bar murfin a buɗe."

Muka yi mata fenti kore mai duhu, shafi uku, kowane siriri, muna jira ya bushe. Ta yi kyau ƙwarai, har muka ɗauki hoto muka tura Ingila. Baba ya duba ta gilashi ya taɓe baki. "Wannan ta fareti ce. Ni ban taɓa ganin korenta ba bayan mun tsallaka Binuwai. Ja ce." Masu wannan sana'a suna sayen garin launi na musamman don su yi wa mota ƙura da taɓo. Mu muka debo jar ƙasa a bayan shago muka daka. Ya murza ta a yatsa ya ce ba ita ba ce, ta can ta fi ja, ta fi kama jiki, idan ta shiga kaki ba ta fita.

Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota a layin shagon, mun shekara goma muna gaisawa, muna yi masa gyaran waya, yana yi mana ragi. Mutumin wajen Nsukka ne, a Kaduna ya girma, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Duk Disamba yana tafiya gida Kirsimeti. Mun yi kwana biyu muna tura juna kafin muka je.

"Oga, idan ka je gida, don Allah ka ɗebo mana ƙasa kaɗan. Cikin hannu ɗaya ya isa."

Ya yi dariya. "Malam, asiri za ku yi mini?"

Da mun so da mun ce na gwajin shuka ne. Muka gaya masa gaskiya, har muka nuna masa hoton motar a waya. Dariyar ta ɗauke. Ya ce mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Kaduna, da ƙyar suka fita da rai a kashe-kashen 1966. Shi bayan yaƙi aka haife shi. Yana da yayye biyu da bai taɓa gani ba, yunwa ta kashe su a daji suna ƙanana. Mahaifiyarsa tana nan da rai, har yau ba ta zubar da ragowar abinci. Ya mayar mana da wayar. Bai ce zai kawo ba, bai ce ba zai kawo ba.

Mun koma shago ba mai magana. Sai a ranar muka kalli abin da ke kan tebur da idon wanda yake tsaye a gabanta, ba na wanda ke ciki ba. Wata shida da suka wuce da an ce mana muna ƙawata abin da ya kori wata uwa daga gidanta, da mun yi faɗa. Mun rufe ta da kwali, ba mu taɓa ta ba har shekara ta ƙare. Baba ya zo sau biyu ya ga kwalin a rufe, bai tambaya ba.

A mako na biyu na Janairu sai ga Oga a ƙofar shago da gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da leda. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, yana so ya ga mai motar. Muka kai shi gida da yamma. Baba yana zaure a kan buzu. Oga ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, "Baba, ina wuni," kamar kowane ɗan unguwa. Ya buɗe gwangwanin. Baba ya sa yatsu biyu ya murza, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya shinshina. Bai ce ita ce ba. Hannunsa ne ya ƙara rawa.

"A bayan ɗakin mahaifiyata na ɗebo," in ji Oga. "Ta tambaye ni ta mece ce. Na ce za a gwada ta ne don gini. Ban iya gaya mata ba."

Baba ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Ka yi daidai, ɗana." Ya juya wajenmu. "Ku 'yan biyu, baƙo ya zo kun tsaya kuna kallo. Ku kawo masa ruwa."

Inna da kanta ta kawo, a kofin tangaran ɗin da ba ta ba kowa. Ya sha. Suka yi hirar tsadar kaya da lalacewar hanyar Lokoja har aka kira magariba, ya yi sallama ya tafi.

A daren muka tankaɗe ƙasar da tsohon ɗankwali, muka dama kaɗan da ruwa da ɗigon farin gam, muka bi tayoyi da ƙarƙashin mota da buroshi. Busasshiyar kuma muka yi ta shafawa a jiki har koren ya koma sai an lura. Cokali ɗaya bai ƙare ba. Ragowar gwangwanin Baba ya karɓa ya tura ƙarƙashin gadonsa, kusa da jakar hoton, ba mu tambaye shi me zai yi da ita ba.

Motar tana cikin kabad ɗin Inna yanzu, tsakanin kwanukan aurenta, murfin sama a buɗe. Jikoki suna tambaya ko tana tafiya, a ce musu a'a, su koma wasansu. Ranar Asabar da ta wuce yaron shago yana shara ya tsinci madubin nan a maƙale cikin tsintsiya. Muka kawo shi gida a ninke cikin takarda, muka ɗauko gam da matsefata. Baba ya duba shi a tafin hannunmu ya ce mu mayar cikin kwali, tasu ba ta da shi.